Tsakin da Ba Tsaki Ba

Bazarar da ta biyo bayan rasuwar maigida Mainassara ce ta nuna ma Rahamatu girman gidanta. Da can kullum kukanta gidan ya yi masu kaɗan: ga raguna ɗaure a gindin itacen bedi, ga baƙin maigida, Fulani da Buzaye, da ke sauka wurinsa jajibirin kasuwa, don shi dillalin bisashe ne da sunansa ya kai har Azagor. Yanzu turakun sun zama itace kawai a tsaye, zaure kuma sai ƙadangaru. Babban ɗanta yana Agadas da iyalinsa. Autarta Ramla ta samu bursi, wato tallafin karatu, tana can ƙasar Indiya tana karatun haɗa magunguna. Ita kuwa Rahamatu ta daɗe da aje aiki a matarniti, inda ta ƙare ƙuruciyarta tana karɓar haihuwa, har ana cewa rabin samarin Dakoro ita ta yanke masu cibi.

Zafin shekarar ba a magana. Tun hantsi iska ke tsayawa cik, kwanon ɗaki ya riƙa ƙara shi kaɗai kamar ana taka shi, ruwan randa ya koma tamkar an sauke shi daga murhu. Kuran, wato wutar lantarki, sai ya ga dama yake zuwa, in ya zo ma fankar ba ta juyo komai sai hucin tanda. Ga shi Rahamatu na fama da tansiyo, wato hawan jini. In rana ta take, sai ta ji kanta na sarawa, zuciyarta na bugawa har cikin kunnuwa. A irin wannan lokacin ne bara Mainassara ya yanke jiki ya faɗi tsakanin shanu a kasuwa, bai sake tashi ba. Ba ta taɓa faɗa ma kowa ba, amma duk sa'ad da bugun nan ya taso sai ta tuna cewa shi ya samu masu ɗaukarsa. Ita in ta faɗi a tsakar gidan nan, sai dai in Dela ta leƙo.

Dela maƙwabciyarta ce, katanga ɗaya ta raba su, kuma katangar ma akwai wata kafa da ruwan sama ya ci tun da daɗewa, ba wanda ya damu ya toshe. Ta nan ake miƙa gishiri da garwashin wuta, ta nan ake miƙa labari. Dela mace ce mai surutu da saurin fushi da saurin hucewa, ba ta shiga lakwal ta yi boko ba, kuma ita kaɗai ce a unguwar ba ta ce ma Rahamatu Madam. Lokacin takaba ita ta riƙa dafa mata abinci.

Wata la'asar Ramla ta kira ta bidiyo. Rizon waya ya yi kirki ran nan, fuskarta ta fito tar.

"Inna, idanunki sun faɗa. Kin sha maganinki kuwa?"

"Na sha, Auta. Zahi ne kawai. Garin nan kamar an kihe mu da tukunya."

"Nan ma haka muke. Bari in koya maki wani abu da wata malama ta koya mana a makaranta. Cikin yoga yake, suna ce mashi shitali."

Rahamatu ta yamutsa fuska. "Yoga? Ba shi ne wanda suke naɗe ƙafa gaban gumaka ba?"

"Inna, numfashi ne. Ba ki kiran sunan kowa, ba ki durƙusa ma kowa. Ki yi bisimilla ki ja iskar Allah, shi ke nan."

Ta matso da bakinta kusa da waya, ta zaro harshe ta naɗe gefunansa ya zama kamar indararo, ta ja iska ta cikinsa a hankali, sannan ta rufe baki ta sake ta ta hanci. Ta ce iskar in ta bi ta kan jiƙaƙƙen harshe sai ta huce kafin ta shiga, kamar yadda ruwan salka ke sanyi in an rataye ta inda iska ke kaɗawa. Rahamatu ta gwada. Harshen ya fito shimfiɗe kamar faifai. Ta sa yatsu ta lanƙwasa shi, tana saki ya koma. Ramla ta yi dariya har wayar ta kife, ita ma Rahamatu ta yi, ta ji muryar dariyarta baƙuwa a tsakar gidan.

"Ba komi, ba kowa ke iyawa ba," in ji Ramla. "Akwai na masu harshe irin naki. Haɗa haƙora, ki buɗe leɓe kamar za ki yi murmushi, harshe na bayan haƙora. To, ja a hankali. Rufe baki. Saki ta hanci, kar ki yi gaggawa."

Wannan kam ya yiwu. Sanyi ya ratsa haƙoranta, ya bi ta dasashi ya gangara maƙogwaro, ɗan kaɗan dai, kamar an ɗiga mata ruwan tulu. Ramla ta ce ta riƙa yi a zaune, cikin inuwa, in ta ji jiri ta tsaya, kuma kar ta yi in ƙura ta taso ko tana tari. Daga nan rizo ya fara wasa, fuskar ta daskare da baki buɗe, kiran ya yanke.

Abin bai sauke rana daga sama ba. Zufa na nan, kwanon ɗaki na nan da ƙararsa. Amma Rahamatu ta lura in ta zauna gindin bedi ta yi ta ja tana saki, kafin wani lokaci bugun nan na kunnuwa sai ya lafa, kafaɗunta su sauka, bushewar maƙogwaro ta rage har ta iya tashi ta ɗebo ruwa ba tare da ƙasa ta juya da ita ba. Sama da komai, ta samu abin yi a sa'o'in nan na tsakar rana da ko tsuntsu ba ya kuka. Ta saba da shi har bakinta ya riƙa yi da kansa, tana tsintar wake ko tana jan carbi. Ba ta gaya ma Dela ba. Ta yi niyya, sai ta hango yadda Dela za ta tafa hannu ta ce Rahamatu ta koma 'yar Indiya da tsufanta, kafin magariba unguwa duk ta ji.

Ana haka matar Yazidu, ɗan Dela da ke kasuwanci a Maraɗi, ta zo wankan jego gidan surukarta, don ita marainiya ce. Ranar suna aka kafa rumfar tampol a tsakar gida, mata suka cika ta maƙil, har da 'yan uwan Dela daga Kornaka da Birnin Lalle. Rahamatu ta sa lafayarta mai kyau ta je tun da wuri, ta duba cibin jinjiri, ta ce an kula da shi yadda ya kamata. Aka ba ta wuri kusa da Dela.

Wajen azahar tampol ɗin ya ɗauki zafi. Ga hayaƙin girki, ga turaren wuta, ga numfashin jama'a. Dela kuwa bakinta ya buɗe, tana ba baƙi labarin Yazidu: yadda ya gina gida a Maraɗi, yadda ya jera pano masu kama hasken rana a kan rufi har ba su san an ɗauke kuran ba, yadda ya ce baɗi in Allah ya kai mu sai ta ga Ka'aba da idonta. Rahamatu ba ta jin rabin maganar. Kanta ya fara sarawa, fuskokin mata suna nisa suna dawowa. Ta lumshe ido, ta haɗa haƙora, ta ja iska mai tsawo. Ta saki. Ta sake ja.

Da ta buɗe ido sai ta tarar rumfar ta yi tsit, kowa ita yake kallo. Sai a lokacin kunnenta ya ji abin da su suka ji. Tsaki ne, dogon tsaki irin wanda mace ke ja in an cika ta da ƙarya, ga ido a rufe, ga baki a yatsine.

Dela ta aje mahucin da ke hannunta. "Ramatu, in maganar ɗana ce ta dame ki, ai sai ki hwaɗi."

Rahamatu ta buɗe baki za ta yi bayani. Idonta ya faɗa kan Malama Aisata, mai koyar da matan unguwa karatu, wadda ko a makon da ya wuce sai da ta ja kunnensu a kan kwaikwayon duk abin da aka gani a waya. Ta ina za ta fara? Ta ce yoga take yi a tsakiyar taron suna? Abin da ya fito shi ne, "Zahi nike ji."

"Ai mun gani," wata daga cikin matan Kornaka ta ce, ba ta ko ɗaga murya ba. Wasu suka sunkuyar da kai suna danne dariya.

Dela ta ɗauki mahucinta. Ta juya ta ci gaba da magana da ta kusa da ita. Rahamatu ta ɗan ƙara zama don kar a ce ta gudu, sannan ta nemi takalmanta ta fita. Ba wanda ya raka ta ko bakin zaure.

Ta ɗauka fushin Dela ne na kullum, wanda ba ya kwana biyu. Washegari ta dama fura da nono mai kyau ta je bakin kafar katanga, sai ta tarar an jingina tsohon kwanon rufi an danne shi da turmi. Ta daɗe tsaye da ƙwaryar a hannu. Tana jin muryar Dela a ɗaya gefen tana yi ma jinjiri wasa. Kira ɗaya ya isa, amma wani abu ya riƙe ta. Shekarun nan duka, a ce Dela ba ta san ta ba? Ita da ta karɓi haihuwar Yazidu da hannunta, ita ce za ta yi baƙin ciki da arzikinsa? In har Dela ta yarda da haka, to, ta zauna da yardarta. Ta koma ta shanye abin da za ta iya, saura ya yi tsami kafin la'asar.

Magana ta zaga unguwa ta dawo da ƙafafu. A bakin famfo mata na gaishe ta, "Madam, ina kwana," amma gaisuwar ba ta da jela. Aka ce tun da mijinta ya rasu zuciyarta ta ƙuntata. Aka ce 'yan boko dama haka suke, ba su son a ce wani ya fi su. Ta rage fita. Rana ta riƙa fitowa ta faɗi ba ta yi magana da kowa ba sai mai tallan ƙanƙara, shi ma in kuran ya samu. Numfashin ma ta bar shi na wasu kwanaki, don haushi. Da bugun zuciya ya matsa mata sai ta koma, amma a cikin ɗaki, ƙofa a rufe, kamar mai shan abin da aka hana.

Ranar awonta ta hau kabu-kabu ta je likita. Babban ma'aikacin jinya Majo Mohamed ne ke aiki, wani dogo mai sanyin magana wanda ya fara aiki a ƙarƙashinta. Ya ɗaura mata abin awo, ya duba, ya gyaɗa kai.

"Madam, ya ɗan sauka bisa ga wancan karon. Mi kika canza?"

Ta gaya masa, har ta nuna masa yadda ake yi. Shi ne mutum na farko a Dakoro da ya gani da saninta. Bai yi dariya ba. Ya ce duk numfashin da aka ja a hankali aka saki a hankali yana kwantar da jiki, kuma ba mamaki shi ya taimaka, amma ba zai rantse ba.

"Sai dai kar ki bar ƙwayoyinki saboda shi. Kuma iska ba ta zama ruwa, Madam. Yana iya rage maki jin ƙishirwa alhali jiki na bukata. Ki sha ko ba ki ji ba. In kika ji jiri mai ƙarfi ko kika daina zufa, ba zancen numfashi ba ne, a kawo ki nan." Ya kwance abin awon yana naɗewa. "Wa ke gidan tare da ke yanzu?"

"Allah."

"Shi kam yana nan. Bayan shi hwa?"

Ta gyara lulluɓi ta ce za ta makara, rana na yi.

Ramla ta kira a ƙarshen mako, da murna a bakinta. Ta kusa gamawa, kuma wani babban kantin magani a Yamai ya ce zai ɗauke ta gwaji da zarar ta sauka. Sai dai ba za ta samu zuwa Dakoro ba sai bayan damina. Rahamatu ta sa mata albarka, ta ce haka ake so.

"Kina yin abin nan kuwa, Inna?"

"Ina yi. Yana da amfani."

"Kin koya ma Inna Dela? Na san ta da rakin zahi."

"Tana lahiya," in ji Rahamatu. "Tana gaishe ki."

Hadari ya fara haɗuwa a gabas da yamma yana watsewa, zafin ya ƙara nauyi. Wata safiya Rahamatu na shara ta ji ƙugin mota a ƙofar gidan Dela, da muryoyin maza, da ƙarar gadon ƙarfe ana ja. Ta leƙa ta zaure. Ana loda kaya a bayan wata farar mota: katifa, akwatuna, tukwane, har da tsohon kabad ɗin Dela mai madubi. Wannan ba kayan maijego ba ne. Yazidu ya hango ta, ya zo ya durƙusa ya gaishe ta. Ya ce ƙafafun tsohuwa sun kumbura, likita ya ce zuciya ce, gara ta koma kusa da babban asibiti. Ya yi zaton ta sani.

Rahamatu ta jingina tsintsiya. Ko mayafin kirki ba ta tsaya ɗauka ba, ta shiga gidan.

Dela na zaune a kan tabarma a ɗakin da aka kwashe, ta miƙe ƙafafu. Sun yi suntum, fatar na ƙyalli. Ta rame a fuska. Ta dubi Rahamatu ta kau da kai.

"Kin zo ki ga tahiyata?"

Rahamatu ta zauna a ƙasa, ta kama ƙafar ɗaya ta danna da babban yatsa. Wurin ya lotsa bai taso ba. "Tun yaushe?"

"Tun bayan suna."

"Kuma ba ki aiko ba."

"In aika wurin wa? Wurin mai yi mani tsaki cikin dangina?"

"Delu, dube ni nan." Rahamatu ta gyara zama, ta haɗa haƙora, ta ja iska a hankali, ta rufe baki ta saki ta hanci. Ta sake yi. Sannan ta faɗi komai: kiran Auta, da bugun zuciya, da jirin da ya kama ta a rumfa, da kunyar Malama Aisata.

Dela ta zuba mata ido. "Wai ki ce mani duk abin nan iska kike sha?"

"Iska nike sha."

"Ke da Allah. To mi ya hana ki hwaɗi?"

"Kin toshe kafa."

"Kin san hanyar ƙohwa ai." Ta ja zanenta ta share ido. "Ni ma na sani. Kullum sai in ce gobe. Ƙahwahun nan kuma suka ƙi." Can ta ce, "Yaya ma kika yi? Nuna mani."

Dela ba ta da haƙoran gaba biyu, tana ja sai iskar ta fito da fito kamar na makiyayi. Suka kwashe da dariya, Dela na riƙe da ƙirji tana haki. Rahamatu ta ce akwai wani na naɗe harshe, amma ita ya gagare ta. Kafin ta rufe baki Dela ta zaro harshe a naɗe tsaf, ta ja.

"Kai. Da sanyi kuwa."

"Kar ki yawaita, da ciwon nan naki. Ki tambayi likitan can tukuna."

"Can ɗakin da za a sa ni akwai na'urar sanyi, wai har bargo ake rufa." Ta dubi bangon da madubi ya bar tabo. "Ba ni son zuwa, Ramatu. Wa na sani a Maraɗi? Ina zaune bisa bene kamar tantabara."

Rahamatu ba ta ce mata ta zauna ba, don ta ga ƙafafun. Ta ce Maraɗi ba nisa, mota na zuwa kullum. Dukansu sun san ba mai hawa motar nan haka kawai.

Yazidu ya leƙo ya ce gara su kama hanya kafin rana ta yi. Su biyu suka ɗaga Dela, Rahamatu ta riƙe ta har gaban mota, ta gyara mata ƙafafu a kan wani ƙullin kaya, ta ce a tsaya a hanya ta riƙa motsa su. Suka yafi juna a gaban kowa, a taƙaice, kamar yadda ake yi. Har direba ya tada mota Dela ta sa aka tsaya, ta leƙo ta taga.

"Akuyar nan tawa tana baya a ɗaure. Yazidu ya ce a saida, na ce a'a. Ta tsufa, ba mai saye sai mahauci. Ki riƙe ta. Ba ta cin dusa in ba a jiƙa ba."

Motar ta bi ta gaban masallaci ta karya kwana. Mata da suka fito sallama suka watse ɗaya bayan ɗaya, wasu na satar kallon Rahamatu. Ta zaga bayan ɗaki ta samu akuyar, ja ce mai karyayyen ƙaho, ta kwance ta. Da ƙyar ta yarda ta fita daga gidan, tana tirjewa tana waiwaye.

A gida Rahamatu ta ɗaure ta a inuwa, ta kawo mata ruwa a tsohuwar roba. Akuyar ta shinshina ta ƙi sha. Ta juya ta fuskanci gidan da ta baro, ta yi ta kuka har azahar. Rahamatu ta jiƙa dusa ta aje mata, ta jawo kujera 'yar tsugune ta zauna kusa da ita, tana ce mata ta yi haƙuri, za ta saba. Sai wajen la'asar akuyar ta sunkuya ta fara ci.